Amsar saƙon Yaya kan bindigar da ke gidana a Teksas

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kun tashi lafiya, da Hajiya da yara da sauran mutanen gida. Saƙon muryar da ka turo ranar Juma'a sau uku na saurare shi, ina bisa hanyar komawa Hiyuston da kaya. Na so in mayar maka da murya, sai na ga zancen ya fi ƙarfin minti biyu, shi ya sa na zauna na rubuta.

Abu uku ka tambaya. Ka ji na ajiye bindiga a gida, alhali mu ba mu gaji farauta ba, ba mu gaji ɗamara ba. Wanda ya kai maka labarin ya ƙara da cewa marar shuri, wato wadda ba ta dukan kafaɗa sosai in an harba, na zaɓa da gangan, wai ta mata. Sai wanda na ji ya fi tsaya maka a rai, cewa Maman Khalifa tana zuwa koyon harbi. Duk gaskiya ne, kuma ukun zance ɗaya ne.

Kada ka ɗauka duk Bahaushen Amurka yana da bindiga. Yawancinmu ba su da ita, wasu ko kallonta ba sa so, ban kuma ga laifinsu ba. 'Yan'uwanmu na birnin Niyok sai sun nemi izini na musamman ko da ta farauta ce, na Shikago sai da katin jiha. Teksas ce ke da sauƙi. Haƙƙin riƙe makami yana cikin tsarin mulkinsu tun 1791, a 2008 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa ya haɗa da kare kai a cikin gida. Duk da haka ba kamar sayen fartanya ba ne. A shago za ka cike takarda mai lamba 4473, a tura sunanka hukumar FBI ta duba ko kana da laifi a baya. Mai katin zaman dindindin yana iya saya, amma wanda ya zo da bizar karatu ko ta ziyara doka ta hana shi, sai da wasu 'yan sharuɗɗa. Abin da muke fara ja wa sabon zuwa kunne a kai shi ne halin nan namu na “saya mini da sunanka”. A gida zumunci ne. Nan babban laifi ne da ke kai mutum kurkuku, daga can a sa shi a jirgi.

Ka tuna gidanmu na Gusau. Kafin baƙo ya kai ɗakin Hajiya sai ya wuce masu hira a dakali, ya wuce zaure, ya ratsa tsakar gida, kuma ihu ɗaya ya isa unguwa ta fito. Nan babu zaure. Ƙofar titi ita ce ƙofar falo, maƙwabcin da kuka shekara biyar tare iyakarku ɗaga hannu. Ni kuma aikin babbar mota yana raba ni da gida kwana huɗu ko biyar a mako. Shekara uku ke nan, wani dare cikin sanyi ina Oklahoma, wajen ƙarfe biyu wani ya riƙa dukan ƙofar baya da ƙafa. Maman Khalifa ta kwashe yaran ta kulle su a banɗaki, ta kira 911, lambar kiran gaggawa ta nan. 'Yan sanda sun zo cikin kamar minti goma sha biyu, sun yi aikinsu, mutumin ma ya gudu tun da karen maƙwabta ya fara haushi. Amma ta ce mini a cikin mintocin nan abin da ke hannunta muciya ce. Ita ta fara kawo maganar bindiga, ba ni ba. Na yi wata huɗu ina jan ƙafa, har na kai wa limaminmu. Ya tuna mini hadisin wanda aka kashe wajen kare iyalinsa ko dukiyarsa shahidi ne, bai bar ni na tashi ba kuma sai da ya haɗa mini da wanda ya hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa. Ya ce in ba zan iya riƙe na biyun ba, kada in fake da na farko.

To ga yadda zaɓin ya kasance. Irin bindigar ita ce mai watsa ƙwayoyin dalma, dangin mai baki biyu da mafarautanmu ke riƙewa, nan ana ce mata shotgan. Girmanta da geji ake faɗa. A ɗauki laba ɗaya ta dalma a mulmula ta gida 12 daidai wa daida, faɗin ƙwallo ɗaya shi ne faɗin bakin geji 12, wajen milimita 18 da rabi. Geji 20 kuwa bai kai milimita 16 ba. Wato ƙaramar lamba ita ce babbar bindiga. Da na ji haka sai na yanke cewa geji 20 za mu saya, ƙarama marar nauyi, kamar yadda kowa ke faɗa wa mai neman ta mace. Allah ya taimake mu ba mu saya ba, haya muka fara yi a filin koyon harbi. Harbi biyar ta yi ta ajiye. Washegari kafaɗarta ta yi taruwar jini, ta ce ita da bindiga har abada.

Wata dattijuwa mai koyarwa a wurin ce ta warware mana. Shuri abu uku ke kawo shi: nauyin dalmar da ke fita, saurin fitarta, da nauyin ita bindigar. Ka naushi buhun gero, ka naushi ƙwarya da ƙarfi iri ɗaya, ƙwaryar ce za ta yi tsalle. Geji 20 ɗin da muka haya kusan laba 6 ce, geji 12 kuwa ta haura laba 7. Rashin nauyin da na ɗauka alheri ne, shi ya mayar da duk dukan kan kafaɗarta. Ba ina cewa geji 20 ba ta da kyau ba, akwai gidajen namu biyu da ita suke riƙe kuma sun gamsu. Ina gaya maka dai ƙanƙanta ba ita ce taushi ba.

Mafi yawan sauƙin a harsashi yake. Wanda aka saba ajewa don tsaron gida ana ce masa 00, tsawon kwansonsa inci biyu da kwata uku, a ciki akwai ƙwaya 9, kowace ta ɗan haura milimita 8. Na yau da kullum yana fita da gudun kamar ƙafa 1,325 a daƙiƙa. Akwai kuma wanda aka rage wa ƙarfi, da ma don 'yan sanda aka fi yin sa, mai gudun kamar ƙafa 1,145, wani ma ƙwaya 8 ne a ciki. A tazarar falo zuwa ƙofa, mita biyar ko bakwai, wannan ragin bai rage wa harsashin aikinsa ba, amma kafaɗa tana jin bambancin tun harbin farko. Masu inci uku da samari ke yabo, waɗannan na masu farauta a fili ne, ba su da wurin zama a gidana.

Sai tsawon gindin bindigar. Daga kunama zuwa inda take zama a kafaɗa, yawanci inci 14 ne ko sama da haka kaɗan, an auna shi ne da dogon namiji. Ƙanwar taka ka san ba doguwa ba ce. In gindin ya yi mata tsawo sai ta banƙare baya, bindigar ta zauna a kan dantse maimakon lungun kafaɗa, nan ciwon yake. Muka sa aka canza shi da mai inci 12 da rabi, aka sa roba mai taushi a ƙarshe. Aka koya mata ta karkato gaba, ta matse ta sosai a kafaɗa, ta kwantar da kunci a kai. Ran nan ta harba ashirin da biyar ta koma gida ta tuƙa tuwo.

Mun duba mai ɗura kanta, wadda ke amfani da iskar harbin wajen jawo harsashi na gaba. Ta fi kowace taushi, gaskiya ne. Sai dai kuɗinta ya ninka, kuma wasu daga cikinsu suna cijewa in aka ba su harsashin da aka rage wa ƙarfi. Muka tsaya a kan mai famfo, wadda ake ja da hannu a ɗura harsashi na gaba, Mossberg 500, geji 12, mai bututu inci 18 da rabi. Dokar tarayya tun 1934 ta sa ido a kan duk wadda bututunta bai kai inci 18 ba, don haka babu mai hankalin da zai kai mata zarto. Abin da ya raba gardama tsakaninta da wata mai famfon, Remington 870, shi ne makullin kunamar Mossberg a bisa yake, babban yatsa na kowane hannu yana kai masa, Maman Khalifa kuwa bahaguwa ce. Aibin mai famfo ɗaya ne, in tsoro ya sa mutum bai ja ta har ƙarshe ba sai ta cije. Maganinsa maimaici.

Wannan shi ne amsar “ta mata” da aka gaya maka, Yaya. Bindigar da ke ba mutum ciwo, tun kafin ya ja kunama zai runtse ido ya kauce, kuma ba zai koma filin koyo ba. Ni da zan iya jure shurin ina Oklahoma. Wadda ke gida da daddare ita za a auna wa, kamar yadda ake auna takalmi da ƙafar mai sawa. Zancen kunya kuma, da hijabinta take zuwa, mace ke koya mata, ina zaune a baya. Sau ɗaya a wata muke zuwa in ina gari.

Akwai ƙaryar da ake yaɗawa har a cikinmu, wai shotgan ba ta bukatar saiti, ka nuna wajen kawai. A mita biyar ƙwayoyin ba su fi faɗin tafin hannu bazuwa ba, ana kuskure da ita sarai. Abin da ya kuskure kuma ina zai tafi? Bangon gidanmu na Gusau ƙasa ce mai kauri, na sabon ginin ka bulo ne. Bangon ɗakunan nan katako ne aka rufe da allon farar ƙasa mai kaurin rabin inci, ƙwayar 00 tana ratsa irinsa da yawa a jere. Bayan bangon falonmu gadon Khalifa ne. Shi ya sa muka zaga gidan ni da ita, muka tsayar da ɓangarorin da ba a nuna su da bindiga ko me ake ciki. Tsarin kuma ba na fita farautar ɓarawo ba ne. A tara yara a ɗaki ɗaya, a kulle, a kira 911, a ɗaga murya a ce an kira 'yan sanda kuma akwai makami. In talabijin yake so ya ɗauka. Akwai tocila a ɗaure a jikin bindigar, don ba a harbin abin da ido bai gani ba. Geji ɗaya kaɗai muke ajewa a gidan, domin harsashin geji 20, wanda ake yi rawaya don a gane shi, in ya shiga geji 12 zurmawa yake cikin bututu, a ɗura wani a bayansa bindigar ta fashe a hannu.

Ba zan ɓoye maka abin da ke hana ni barci ba. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a ƙasar nan, fiye da rabinsu kuma su suka kashe kansu. Haɗarin da ke cikin gida ya fi na bakin ƙofa yawa. Tamu tana cikin akwatin ƙarfe da aka kafe a bango, mai lambar sirri da mu biyu kaɗai muka sani. Dokar Teksas ma tana kama wanda ya bar bindiga da harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta. Ranar suna ko Sallah, da gida ke cika da yara suna shiga kowane ɗaki irin na gida, harsasan ma raba su nake da ita. Mun kuma yi alkawari a tsakaninmu, mu 'yan majalisar masallaci masu ita: gidan da rigima ta yi zafi, ko aka ga mai gidan damuwa ta danne shi, bindigar za ta bar gidan zuwa ajiya har ƙura ta lafa. An taɓa yin haka sau ɗaya, mutumin ya ji haushi, daga baya ya gode.

Dokar jihar nan tun 2007 ta ƙarfafa cewa mutum ba sai ya gudu daga cikin gidansa ba kafin ya kare kansa. Amma mun ga inda gaggawa ke kai mutane. A 2023 a Kansas City, wani yaro ɗan shekara 16, ɗan mutanen Laberiya, ya je ɗauko ƙannensa ya ɓata gida, ya danna ƙararrawa, tsoho mai gidan ya harbe shi ta ƙofa. Allah ya yi da sauran kwanansa. Mu da ɗan'uwa ke sauka da asuba ba sanarwa, wannan labarin ya shige mu. Yanzu duk mai zuwa gidan wani da dare sai ya buga waya, ya kuma yi sallama da ƙarfi. A 2019 kuma a Fort Worth, nan Teksas, ɗan sanda ya harbe Atatiana Jefferson ta taga tana cikin gida, ta ɗauko bindigarta ne don ta ji motsi a waje. An same shi da laifi a 2022, amma ita ta tafi. Mu baƙaƙe ne, Musulmi ne, harshenmu kuma da ji an san baƙi ne. Don haka Maman Khalifa ta haddace: ta gaya wa mai amsa waya kamanninta da ɗakin da take, da 'yan sanda sun iso kuma bindiga a ƙasa, hannu a buɗe.

Na ji abin da ke ƙarƙashin tambayarka, ko da ba ka furta ba. Na tuna a 2022 gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kansu. Kada ka ɗauki wannan takarda a matsayin shawarar ka saya. Abin da na shirya wa ɓarawo ɗaya ne ko biyu, na minti goma sha biyu, kafin taimako ya iso. Abin da ke addabar ƙauyukanmu gungu ne a kan babura da AK-47, mai famfo ɗaya a hannun mutum ɗaya ba ta tare wannan, tana ma iya jawo wa gida ido. Dokarku ma daban ce, lasisi a hannun 'yan sanda yake, riƙe ta ba takarda kuwa ɗauri ne. In abin yana ranka, mu yi magana ta waya, da Kawu a kan layi.

Hajiya kuwa ka bar ni in yi mata bayani da bakina ranar Lahadi in na kira. Maman Khalifa tana gaishe ka, ta ce a gaida Yaya da kyau.