Zauren Tambaya da Amsa: Na tsinci kwalaben allura a jakar ƙwallon ɗana

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato maganin ƙara ƙwanji da yaran sakandare 'yan wasa suka fara ɗirka wa jikinsu, wanda likitoci ke kira sitiroyid. Na ɗauko guda huɗu, na sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salam, dan Allah shawara nake nema. Ɗana shekararsa 16 yana aji 5 a sakandare, ɗan ƙwallo ne kuma tun bara ya fara zuwa wajen ɗaga ƙarfe a bayan layinmu, to ran Asabar ina haɗa wanki sai na ga wasu 'yan ƙananan kwalabe guda 3 da sirinji a jakar da yake sa takalman ƙwallonsa, a jiki an rubuta Sustanon. Na tambaye shi ya ce wai bitamin ne kocinsu ya ce su riƙa yi. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya don wallahi yaron nan ya canza, cikin wata 4 ƙirjinsa ya buɗe kamar ba shi ba, gadon bayansa duk ƙuraje ga saurin fushi, jiya ma a kan rimot ya ɗaga wa ƙanwarsa hannu abin da bai taɓa yi ba. Ban faɗa wa babansa ba tukun don na san halinsa duka zai yi. Ya zan yi? Wata uwa daga Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya shirya mana zuri'a. Ba zan ɓoye miki ba, wannan ba bitamin ba ne sam. Sustanon allurar testostaron ce, sinadarin nan da jikin namiji ke yi da kansa a 'ya'yan maraina, shi ke sa murya ta buɗe gemu ya tsiro tsoka ta cika lokacin balaga. Maganin asibiti ne na gaske, ana rubuta shi ga mazan da aka gwada jininsu aka ga jikinsu ba ya yin isasshe, kuma ko su allura ɗaya ake musu kamar duk sati 3. Yaran wajen ɗaga ƙarfe kuwa duk sati suke yi wasu har sau biyu, a kan jikin da dama a cike yake da nasa. Buɗewar ƙirji cikin ƙanƙanin lokaci da ƙurajen gadon baya da zafin zuciyar nan da kika lissafa, duk aikin allurar ne.

Abin da ya fi tsaya min a rai game da yaro mai shekara 16 shi ne tsayinsa. Kin ga dogayen ƙasusuwan ƙafa da hannu, a kusa da bakin kowanne akwai wani faifan guringuntsi, daga nan ƙashi ke ƙara tsawo, idan balaga ta kammala sai faifan ya daskare ya koma ƙashi shi ke nan tsayi ya tsaya har abada. Abin da ke ba da umarnin rufewar nan shi ne istirojin, sinadarin da aka fi sani da na mata, kuma jikin namiji daga testostaron ɗinsa yake juya shi. To idan aka yi wa jikin ambaliyar testostaron da allura, sai umarnin ya zo kafin lokacinsa, yaron da ke da sauran shekara biyu ko uku na girma sai ya tsaya a inda yake. Tsokar da ya tara za ta iya zagwanyewa ta dawo, amma tsayin nan babu likitan da ke dawo da shi.

Sai maganar haihuwa, wadda na san ita ce za ta fi shiga kunnen yaron da na babansa. Ƙwaƙwalwa na auna yawan sinadarin a jini, da ta ga ya yi yawa sai ta daina aika saƙo ga 'ya'yan maraina, su kuma su kwanta su motse, ƙwayoyin maniyyi su yi ƙasa wani lokaci su ƙare ƙaƙaf. Har Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar testostaron ta sati-sati a matsayin maganin tazarar haihuwa na maza a wajejen 1990, kin ga irin ƙarfin da take da shi wajen tsayar da maniyyi ke nan. Yawanci idan an daina abin na farfaɗowa cikin watanni zuwa shekara ɗaya ko biyu, amma akwai waɗanda ba ya dawo musu daidai, musamman wanda ya daɗe yana yi. Wannan istirojin ɗin dai shi ke sa wasu samarin su tsiro da nono mai tauri da zafi, in ya kafu kuma sai tiyata. Ga hawan jini, ga jini ya yi kauri, ga zuciya ta ƙara girma ta rasa laushinta tun yaro bai kai ashirin ba.

Yanzu abin yi. Ki adana kwalaben nan da kwalinsu kar ki zubar, da su za a je wajen likita. Babansa dole ya sani Hajiya, wannan ba nauyin da za ki ɗauka ke kaɗai ba ne, amma ki samu lokacin da yaron ba ya gida, in da hali ki kira kawunsa ko wani babba da maigidan ke jin nauyinsa a zauna tare, ki nuna masa cewa duka ba abin da zai yi sai dai ya sa yaron ya mayar da allurar gidan aboki inda ba wanda zai gani. A kai shi babban asibiti, ku da kuke Kano ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano akwai likitocin da aikinsu ke nan sinadaran jiki, a auna jininsa da hantarsa da kaurin jini, kuma a tambaye shi a keɓe ko sun taɓa haɗa sirinji da abokai, in haka ne a yi gwajin ciwon hanta nau'in B da C da kuma ƙanjamau.

Sannan dan Allah ki riƙe wannan da kyau, makonnin bayan dainawa su ne masu haɗari. Allura ta fita, jikin kuma bai koma yin nasa ba, sai yaro ya wayi gari ba ƙarfi ba walwala, jikin da yake taƙama da shi yana zubewa a gaban madubi. A Amurka akwai wani ɗan sakandare a garin Plano na jihar Texas, Taylor Hooton, ɗan wasan besbol mai shekara 17, ya kashe kansa a watan Yulin 2003 jim kaɗan bayan ya daina sitiroyid, mahaifinsa ya je har gaban majalisar dokokin ƙasar a 2005 ya ba da labarin. Na kawo miki shi ne don in kin ga ɗanki ya daina cin abinci ya kulle kansa a ɗaki ko yana cewa ya gaji da rayuwa, a ranar ki mayar da shi wajen likita. Shi kuma kocin, in ta tabbata shi ya ba su, ɗanki ba shi kaɗai ya ba wa ba. A sanar da hukumar makaranta da sauran iyaye, a kai rahoton inda ake sayar da allurar ga NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Ni ɗan aji 6 ne shekarata 17, ina buga baya a wata akadami kuma akwai gwajin da za a zo ɗibar 'yan wasa nan da wata 3. Matsalata ba ni da jiki ana ture ni, abokaina suka ce in sha Dianabol na sati 6 kawai in daina, wai kowa na sha har turawa, kuma a nan ba wanda ke gwada fitsari. Wasu kuma tiramol suke sha kafin wasa. Sau ɗaya tak zan yi, akwai matsala? Wani ɗalibi daga Jos.

AMSA: Ƙanena na ji daɗi da ka tambaya kafin ka sha, kuma na fahimci zafin a ture ka a gaban masu ɗibar 'yan wasa. Amma akwai matsala mana. Dianabol ƙwayar sitiroyid ce da aka sarrafa yadda hanta ba za ta iya narkar da ita da sauri ba, wannan ne ke sa ta aiki ta baki kuma shi ne ke wahalar da hantar, cikin makonni kaɗan wasu ke wayar gari ido ya yi ɗorawa fitsari ya yi ja da shawara. Nauyin da za ka gani a sikeli kaso mai yawa ruwa ne jiki ya riƙe, ka zama mai nauyin gudu, da ka daina kuma ya tsiyaye, shi ya sa mai cewa sati 6 kawai yake komawa zagaye na biyu da na uku. Tsoka kuma tana riga agara ƙarfi, sai ka yunƙura tsalle agarar ta tsinke, kai da fili sai bayan watanni.

Maganar ba a gwaji, ai kai burinka ka fita daga inda ba a gwajin ka je inda ake yi. Tun 1999 aka kafa hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni, dokarta kuwa ita ce duk abin da aka samu a fitsarinka kai ke da alhaki ko wa ya ba ka, sitiroyid kuma dakatarwar shekara 4 ce, wasu irin su nandurolon suna nan a jiki watanni da yawa bayan allurar ƙarshe. Ƙarancin shekaru ba ya ceton mutum. A gasar ƙasashe renon Ingila ta 2014 a Glasgow, Chika Amalaha 'yar Najeriya tana shekara 16 ta ci zinare a ɗaga nauyi ajin kilo 53, kwanaki kaɗan aka ƙwace saboda an samu magungunan sa fitsari da aka haramta a jikinta, yarinya ce sa'arka. Blessing Okagbare kuma ana tsakiyar gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 aka cire ta kafin zagayen kusa da ƙarshe na tseren mita 100, daga baya dakatarwarta ta kai shekara 11. Tiramol ma tun 1 ga Janairun 2024 WADA ta haramta shi a lokacin gasa, banda jarabar da yake sawa da farfaɗiyar da yake jawowa.

A shekara 17 jikinka na cikin lokacin da ya fi kowane lokaci yin testostaron na kansa kyauta, abinci da barci da atisaye yake jira. Wake, ƙwai, awara, gyaɗa, kifi, nono da fura, ka ci sau uku ka ƙoshi ka ƙara wani abu bayan tirenin, ka yi barcin awa 8 zuwa 9 ka ajiye waya, ka samu mai koya maka atisayen ƙafa da ƙugu sau 2 ko 3 a sati. Wata 3 ya isa ka ji bambanci a kafaɗarka idan an haɗu.

TAMBAYA: Ni malamar motsa jiki ce a makarantar 'yan mata, na lura wasu ɗalibaina na shan ƙwayar nan da ake ce wa sha ka fashe, wasu don ƙiba wasu wai ƙarfin gudu lokacin intahaus. Ita ma irin ta 'yan ɗaga ƙarfe ce? Wata malama daga Zariya.

AMSA: Malama dukansu sitiroyid ake ce musu, sunan dangi ɗaya ne amma aikinsu daban. Abin da aka fi sayarwa da wannan sunan dezametason ne, sau da yawa a haɗe da maganin buɗe ciki, shi kuwa maganin kumburi da asma ne, cinye tsoka ma yake yi. Fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, hannu da ƙafa su sirance, nankarwa ta feso, ga ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi a gaba. Yarinyar da ta yi sama da sati 3 tana sha kullum kada a ƙwace a ce ta daina rana ɗaya, jikinta ya riga ya dakatar da yin nasa sinadarin, jininta na iya faɗuwa ta suma har rai ya salwanta, likita ne zai riƙa rage mata kaɗan-kaɗan. Idan kuma kika ji muryar wata ta yi kauri ko gashi ya fito mata a haɓa al'ada ta ɗauke, to wannan alamar irin ta mazan ce a gaggauta asibiti, don muryar ba ta cika komawa ba. Abin da aka yi wa 'yan mata 'yan wasa a tsohuwar Jamus ta Gabas ke nan a shekarun 1970 da 1980, kociyoyi na ba su ƙwayoyin Oral-Turinabol ana ce musu bitamin ne.

TAMBAYA: Ɗana mai asma ne yana gudu a makaranta, na ji an ce abin shaƙarsa akwai sitiroyid a ciki, in hana shi? Wani uba daga Maraɗi.

AMSA: A'a Alhaji, kar ka hana shi ko na kwana ɗaya. Na cikin abin shaƙa ɗan mitsitsi ne kuma huhu yake zuwa ya kwantar da kumburin hanyar numfashi, ba ya gina tsoka ba ya taɓa haihuwa, dokar wasanni ma ta yarda da yawancinsu matuƙar ba a wuce ƙa'idar likita ba. Ya riƙa kuskure baki da ruwa bayan ya shaƙa, ya ajiye takardar likitansa don ranar da zai shiga babbar gasa, shuɗin abin shaƙar nan na gaggawa kuma ya kasance a jakarsa a bakin fili duk ranar da zai yi gudu, malamin wasanninsu ma ya san inda yake.