Shin in zuba jari a fumfunar da ke taimaka wa shuka jure fari?

Wani mai sayar da iri da taki da magungunan gona ya rubuto cewa wani dillali ya tallata masa garin fumfuna mai amfani, wanda ake cuɗa iri da shi domin shuka ta jure fari da zafi da gishirin ƙasa, yana kuma tambaya ko ya dace ya zuba kashi ɗaya cikin uku na jarinsa a ciki.

Malam, amsata ita ce ka shiga, amma kada ka shiga da wannan kaso mai yawa a shekarar farko, domin hajar nan tana da rai, kuma ranta ne kake sayarwa.

Ilimin da ke bayan abin ingantacce ne. Fumfunar da ake kira maikoraiza tana shiga cikin saiwa, sannan ta miƙa zaruruwa siraran gaske cikin ƙasa, waɗanda ke janyo ruwa da sinadarin fosfaras daga inda saiwa ba ta iya kaiwa, ita kuma shuka ta biya ta da sukari. Mafi yawan tsirran duniya suna da irin wannan hulɗa. A shekarar 2002 masu bincike sun nuna cewa wata ciyawa da ke tsiro a ƙasa mai tsananin zafi a gandun Yellowstone na Amurka ba ta jure zafin sai da wata fumfuna a jikinta, haka kuma wata fumfuna da aka gano a hamadar Thar ta Indiya ta taimaka wa sha'ir jure gishiri a gwaji.

Matsalar tana tsakanin masana'anta da gona. Zafin ɗakin ajiya da daɗewa a kan kanta suna kashe ƙwayoyin fumfunar, alhali garin da ya mutu da mai rai kamanninsu ɗaya ne a ido, kuma binciken da aka yi a kan irin waɗannan kayayyaki a ƙasashe daban-daban ya tarar da yawa ba sa kama saiwa ko kaɗan. Saboda haka ka duba jikin leda da kanka: sunan nau'in fumfunar, adadin ƙwayoyi masu rai a kowane giram, ranar da aka yi shi da ranar ƙarewar wa'adinsa, da lambar rajistar hukumar da ke kula da kayan gona. Idan dillali ya kasa nuna waɗannan, ka bar masa kayansa. Ka kuma lura cewa Trichoderma, wadda ita ma wata fumfuna ce mai amfani da ake sayar wa manoma, ta fi maikoraiza sauƙin sarrafawa, tunda ita maikoraiza ba ta hayayyafa sai a jikin saiwa mai rai, don haka arharta fiye da kima abin tuhuma ce.

Akwai kuma kayan shagonka da ke yaƙi da fumfunar, abin da dillalai ba su cika faɗa ba. Wasu magungunan kashe fumfuna da ake cuɗa iri da su suna raunana ta, takin da fosfaras ya yi wa yawa yana sa shuka ta daina karɓarta, kabeji da danginsa kuwa ba sa hulɗa da maikoraiza sam.

Ka nemi dillalin ya ba ka kaɗan a kan sharaɗin mayar da abin da bai saye ba kafin wa'adi ya cika. Sannan ka zaɓi manoma amintattu cikin abokan cinikinka, kowa ya raba fili biyu, iri ɗaya, taki ɗaya, ban ruwa ɗaya, rabi da garin rabi babu, a auna amfanin kowane ɓangare a sikeli lokacin girbi. Kada ka yi wa kowa alkawarin cewa zai maye gurbin ruwa ko taki, domin rage wahalar shuka kawai yake yi. Idan ƙarin amfanin ya zarce kuɗin garin a mafi yawan gonakin, sai ka ninka sarinka a kaka mai zuwa, ka kuma tanadi wuri mai sanyi da inuwa kafin kayan su iso.