Me ya shiga tsakanin Aljeriya da Maroko?

Tambaya: Malam, na yi niyyar idan na ziyarci Shehu Ahmadu Tijjani a Fas ta Maroko in zarce Ainu Madi, mahaifarsa da ke Aljeriya, sai aka ce mini babu hanya ta mota, babu jirgi kai tsaye. Maƙwabta ne, Musulmi ne, duk mabiya Malikiyya. Me ya yi zafi haka?

Amsa: Gaskiya aka faɗa maka, Alhaji. Iyakar ƙasa a rufe take tun 1994. A shekarar an kai hari wani otal a Marakesh, Maroko ta zargi Aljeriya da hannu, ta sa wa 'yan Aljeriya biza, ita kuwa Aljeriya ta garƙame iyaka. Har yau dangi daga Wujda ta Maroko da Magniya ta Aljeriya, garuruwan da ke kusa da juna, sukan tsaya gefe da gefe suna ɗaga wa juna hannu.

Addini bai shiga maganar ba, rigimar ƙasa ce. Faransa ta tafi ta bar iyakar da ba a tantance ba, shekara guda bayan 'yancin Aljeriya suka gwabza a 1963. Babban ƙullin dai shi ne Yammacin Sahara, yankin da ke kudu da Maroko wanda Sifaniya ta yi wa mulkin mallaka. Da Sifaniya za ta fice a 1975, Sarki Hasan na Biyu na Maroko ya tura dubban ɗaruruwan mutane suka shiga yankin da ƙafa, ya ce ƙasar kakanninsu ce. Aljeriya ta rungumi ƙungiyar Polisario mai neman 'yanci, ta ba 'yan gudun hijirar Sahara masauki a Tinduf. Hulɗa ta yanke daga 1976 zuwa 1988. An shirya, har aka kafa ƙungiyar ƙasashen Magrib, wato arewa maso yammacin Afirka, a 1989, amma wannan gaba ta hana ta motsi.

A Disamban 2020 Maroko ta ƙulla hulɗa da Isra'ila, Amurka ta saka mata da amincewa cewa Yammacin Sahara nata ne. Aljeriya ta ga abin a matsayin barazana a ƙofar gidanta. A Agustan 2021 ta yanke hulɗar jakadanci, a Satumba ta hana jiragen Maroko ratsa samaniyarta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ciniki, domin kowacce na da abin da 'yar'uwarta ke nema. Aljeriya na da iskar gas, Maroko na da fosfet na yin taki, ga noma da masana'antun motoci. Akwai bututun da ke ɗaukar gas ɗin Aljeriya ta cikin Maroko zuwa Sifaniya, Maroko na samun kasonta. A ƙarshen Oktoban 2021 Aljeriya ta ƙi sabunta yarjejeniyar. Maroko ta koma sayo gas a kasuwar duniya, ana turo mata daga Sifaniya ta wannan bututun.

Takarar ta iso wajenmu. Aljeriya na son gas ɗin Najeriya ya bi ta Nijar ya isa gare ta, Maroko na tallata nata bututun ta gaɓar Atlantika, wanda aka sanar a 2016 lokacin da Sarki Muhammad na Shida na Maroko ya zo Abuja.

Batun ziyararka, ka nemi bizar kowace ƙasa daban, ka yanki tikitin da zai bi da kai ta wata ƙasa ta uku, kamar Tunisiya. Allah ya karɓi ziyara.