Amsa: Binciken David Page ya kai ga marasa lafiya kuwa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko aikin David Page, masanin ƙwayoyin gado ɗan Amurka, kan rashin haihuwar maza ya taɓa amfanar wani, ko a mujallu kawai ya tsaya. Ya amfanar sosai.

Tun 1976 Tiepolo da Zuffardi suka lura a Italiya cewa wasu mazan da babu ƙwayoyin haihuwa a maniyyinsu sun rasa wani yanki na kromosom Y, wato ƙunshin ƙwayoyin gado da ke sa mutum ya zama namiji. Page da abokan aikinsa a Cibiyar Whitehead ta Amurka suka gano ƙwayar gadon DAZ a wannan yankin a 1995, sannan a 2003 suka fitar da jerin tsarin ɓangaren Y na maza.

Yau da gwajin jini likita ke duba wannan. An kasa wannan yanki na kromosom Y gida uku: AZFa, AZFb da AZFc. Idan AZFa ko AZFb ya ɓace gaba ɗaya, da wuya a samu ƙwayar haihuwa a maraina, sai a hutar da mutum tiyatar neman ta. Idan AZFc ne, sau da yawa akan samu, a yi ICSI (wato a saka ƙwayar haihuwar namiji ɗaya kai tsaye cikin ƙwan mace a ɗakin gwaji), amma ɗa namiji zai gaji matsalar. Dole a faɗa wa ma'auratan wannan tun farko. Abin da ya fi taɓa ni shi ne matan da aka daina ɗora wa laifin da ba nasu ba bayan an gwada mijin.