Amsa: Me ya sa mataimakin AI ke ba ni matsayin aiki da ba daidai ba?

Ɗan'uwa, ka ce ka tambayi Claude Code, mataimakin AI na rubuta manhaja, ina aka kwana a ayyukanku na GitHub, ya ce an gama wani aiki alhali a allonku yana nan ba a taɓa shi ba.

Matsalar ita ce mataimakin ba ya ganin GitHub da kansa. In ba ka buɗe masa hanya ba, fayilolin da ke kwamfutarka da tarihin git kawai zai duba, ya yi hasashe. Hanya mafi sauƙi ita ce ka girka gh, wato manhajar GitHub da ake sarrafawa da rubuta umarni, ka shiga da `gh auth login`, sannan ka ce masa ya gudanar da `gh issue list --assignee @me`.

Amma a kula, wannan umarnin buɗaɗɗun ayyuka kawai yake kawowa, kuma guda 30 ne in ba ka ƙara `--limit 200` ba. Shi ya sa wasu ayyukan ke ɓacewa shiru.

Abin da ya fi rikita mutane: rufe issue (wato aikin da aka rubuta a GitHub) daban, matsayinsa a allon GitHub Projects daban. Wani na iya rufe aiki bai matsar da katinsa ba. Don karanta allon, sai ka ƙara izini da `gh auth refresh -s read:project`, sannan `gh project item-list` da lambar allon da `--owner`.

Ni dai shawarata, ka riƙa cewa ya nuna maka umarnin da ya gudanar da lambar kowane aiki. In manhajar bin diddigin ayyuka ta Jira kuke amfani da ita, haɗa mataimakin da ita ta MCP (hanyar haɗa AI da wasu manhajoji) na Atlassian, kamfanin da ya yi Jira, ka ba shi izinin karatu kaɗai.