Yadda tsohon ƙwan lantarki ya ɓace a gidajenmu na Amurka

Yaya, ka ce an gaya maka gwamnati ce ke raba mana ƙwan LED, sabon ƙwan nan mai ƙarancin shan wuta, kyauta. Wanda ya faɗa maka ya ƙara gishiri. Kowa da kuɗinsa yake saye, ita dai gwamnati can baya ta yi nata aikin.

Ma'aikatar Makamashi ta daɗe tana ɗaukar nauyin bincike a jami'o'i da kamfanoni. Sannan dokar makamashi ta 2007 ta sa aka buɗe wata gasa mai suna L Prize: duk wanda ya ƙera ƙwan da zai ba da hasken mai wat 60 ba tare da ya ci wat 10 ba, ya kuma jure awa dubu 25 yana ci, ladansa dala miliyan 10. Kamfanin Philips ne ya lashe a 2011, bayan an gwada ƙwan nasa cikin zafi da sanyi da jijjiga. Da ya shigo kasuwa, ƙwaya ɗaya ta kai wajen dala 50. Wa zai saya? Sai kamfanonin wuta a jihohi da dama suka riƙa biyan wani kaso na kuɗin, masana'antu suka shiga gogayya, farashi ya yi ta sauka. Sai da ya sauka sosai aka zo da hani: tun watan Agustan 2023 ba a yarda kanti ya sayar da galibin tsofaffin ƙwayayen ba. Ni a ganina nan dabarar take, ba a hana mutane abu ba sai da madadinsa ya yi araha.

Mu kuwa ba wa'azin kare muhalli ne ya fara jan hankalinmu ba, takardar kuɗin wuta ce. Nan mita ba ta san alfarma ba. Tsohon ƙwai kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake sha zafi yake zama, kuma kai za ka biya a ƙarshen wata.

Shi ya sa in baƙo ya sauka, cikin abin da ake fara koya masa har da karanta kwalin ƙwai. A daina tambayar wat, a duba lumen, wato ma'aunin yawan haske: lumen 800 shi ne hasken tsohon mai wat 60. Sai launi. Maƙwabtanmu sun fi son haske mai ɗan rawaya, mu kuma yawancinmu fari tas muke nema, mai kama da hasken rana, don a na rawayan dattawa kan ce ba sa ganin wasulla in za su yi tilawa.