Ajin Sana'ar Hannu Na Yara a Dogon Hutu: In Kama Shago Ko In Fara a Gida?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Katsina, wajen Ƙofar Marusa. Ina da ɗan shago a zauren gidanmu, ina sayar da littattafan rubutu da fensir da jakunkunan makaranta. Da an ba da dogon hutu sai kasuwa ta mutu murus har sai an koma. Wata mai kamawa zan kwashi adashi, N150,000. Ina gani a Facebook yadda wasu mata a Abuja suke tara yara lokacin hutu suna koya musu zane da fenti da ƙera 'yan abubuwa da kwali, iyaye suna biya. Ƙanwata ta gama NCE tana zaune a gida, kuma tana da hannu a irin waɗannan abubuwa. Tunanina in kama shago a bakin titi, in sa a yo mini sarin fenti da lakar kanti daga Kano. Shin abin zai fitar da ni? Kuma nawa ya kamata in karɓa kan kowane yaro?

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa wa nema albarka.

Tunanin yana da kyau, amma batun kama shago ki ajiye shi tukuna. Mai shago kuɗin shekara yake karɓa, ke kuwa sana'ar da kike son gwadawa ta mako biyar ce ko shida, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba. Sauran watannin wa zai biya? Ga dillali, ga gyara, ga benci da fanka. Kafin yaro ko ɗaya ya taka ƙofar, adashin ya tafi, ba ki ma san ko iyayen unguwarku za su biya ba. Tsakar gidanki ko rumfar da ke ciki ta isa, muddin maigida ya amince kuma kin sanar da maƙwabta cewa za a riƙa jin hayaniya da hantsi. Iyaye ma sun fi sakin jiki su bar yaro ɗan shekara biyar a cikin gidan da suka sani, da su bar shi a bakin titi inda babura ke wucewa.

Sai batun sarin kaya daga Kano. Ki tambayi kanki, mene ne uwa take saye idan ta ba ki kuɗi? Ba fenti take saye ba. Awa biyu take saye na samun sarari, ta yi girki ko ta je wurin aiki hankalinta kwance, sannan ta ga yaronta ya ajiye waya ya dawo da wani abu a hannu yana cewa "Umma, ni na yi." Wannan farin cikin iri ɗaya ne, da fentin kanti aka yi abin ko da ruwan zoɓo. Tunda haka ne, duk nairar da kika ƙara kan kayan waje daga ribarki kika cire ta, kuma kin san yadda kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo tun daga 2023, bayan cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira.

Yawancin abin da kike buƙata yana madafinki ko yana Babbar Kasuwa. Lakar wasa: kofi 2 na fulawa, kofi 1 na gishiri, kofi 1 na ruwa, da cokali 2 na man gyaɗa, a murza har ta daina kama hannu. A ɗiga mata kalar da masu kek suke amfani da ita, a ɗaure a leda, za ta yi kwanaki ba ta lalace ba saboda gishirin. Gam: a dama sitaci ko fulawa a wuta kamar za a yi koko mai kauri, ko a jiƙa ƙaro ya kwana. Na sitaci yana tsami da wuri, don haka a dama na yini ɗaya kawai. Kwali kuwa, ke da kike da shago ba sai an gaya miki ba. Tela zai ba ki ƙyallaye kyauta, har ya gode kin share masa wuri. Murafen robar lemo su ne tayoyin mota.

Launi shi ne inda za ki burge yara ba tare da kin kashe komai ba. A tafasa zoɓo ya yi kauri, a raba shi kofi uku. Na farko a bar shi yadda yake. Na biyu a matsa masa lemun tsami, sai jansa ya ƙara fitowa. Na uku a ɗiga masa ruwan kanwa a gaban yaran, a bar su su leƙa: nan take jan zai gushe ya koma shuɗi-shuɗi mai ratsin kore. Za ki ji ihu, kowa na cewa a ba shi ya ɗiga da kansa, kuma da sun koma gida labarin da za su bayar ke nan. Kurkur yana ba da rawaya, shi ma in ya haɗu da kanwa sai ya koma ja-ja. Gawayi da ƙaro baƙi ne, irin tawadar allo. Akwai jar ƙasa, akwai farar ƙasa, akwai karan dafi da dukawa suke rina fata da shi. Sai dai waɗannan launuka suna koɗewa in sun daɗe a rana, kurkur kuma in ya kama riga sai haƙuri, saboda haka ki ce kowane yaro ya zo da tsohuwar riga. Abin da zan ce ki saya a kanti kaɗan ne: almakashi marasa tsini, kalar zane, farar takarda, 'yan burushi, robobi da tabarmi. Rabinsu ma kina sayarwa a shagonki, a farashin sari za ki ɗauka. Amma ki biya shagon, ki rubuta. Kada ki ce ai duk naki ne. Ta nan ake cin uwar kuɗi ba a sani ba.

Akwai abin da matan Abuja ba za su gaya miki ba, wato yanayi. Dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa, Agusta kuwa marka ce. Yumɓu yana daɗewa bai bushe ba, in kuma aka shanya a tsakar gida hadari ya taso, aikin mako guda ya narke. Ki tanadi kantar shanya a cikin ɗaki. Karan dawa da na gero, wanda da shi muka tashi muna ƙera mota da tabarau da gado, ba ya samuwa sabo sai kaka, wajen Oktoba da Nuwamba. A damina sai na bara, in kin samu wanda ruwa bai taɓa ba. Don haka a hutun Agusta ki fi ba da ƙarfi ga kwali da ƙyalle da takarda, ki bar kara da yumɓu su yi yawa a hutun Disamba, lokacin da kara ya yi arha kuma hunturu yana busar da tukunya a yini ɗaya ko biyu. A inuwa za a shanya, in ba haka ba ta tsage.

Lokaci ma abin dubawa ne. Bokon ce ta yi hutu, Islamiyya ba lallai ba. Ki bincika lokacin da yaran unguwarku suke zuwa, don in kika yi karo da Islamiyya ke ce za ki sha ƙasa. Ƙarfe 10 zuwa 12 na rana ya fi dacewa da yawancin gidaje. Sannan wasu iyayen ba sa son a koya wa yaransu ƙera siffar mutum ko dabba. Kada ki tsaya jayayya, abin ƙerawa bai ƙare ba: tukunya, murhu, mota, rumbu, faifai, katin barka da Sallah. Ki ware mako guda ki kira shi makon Katsina, yara su gina Hasumiyar Gobarau da yumɓu, su yi ƙofofin gari da kwali, Ƙofar Soro da Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Durɓi, wani ya yi Rijiyar Kusugu ta Daura har da gugarta. Uban da yake ganin abin wasa ne kawai, in ɗansa ya kawo masa Gobarau yana faɗa masa sunanta, shi ne zai biya na zagaye na biyu ba tare da an roƙe shi ba.

Yanzu lissafi. Waɗannan alƙaluma misali ne, ki gyara su da farashin da kika tarar a kasuwa. Mu ce yara 12, kwana 3 a mako, mako 4, zama 12 ke nan. Kika karɓi N6,000 kan kowane yaro, wato N500 kowane zama, kin tara N72,000. Kayan aiki N1,000 kan kowane yaro, N12,000. Ƙanwarki N20,000. Sabulu da omo da abin da zai fashe, N3,600. In kika ce za ki riƙa ba su biskit da ruwa na N100 kullum, wannan kaɗai N14,400 ne. Jimilla N50,000, saura N22,000. Kin ga biskit ya fi kayan aikin gaba ɗaya cin kuɗi. Ki ce kowa ya zo da gorar ruwansa da ɗan abin taɓawarsa, sai ribar ta haura N36,000. Kayan da za su daɗe, irin su tabarmi da almakashi da robobi, za su iya cin kamar N25,000, kuma sau ɗaya za ki saye su. Ma'ana, zagayen farko zai mayar miki da jarinki da ɗan abin sayen goro. Ribar gaske tana zagaye na biyu, ko kuma in kin samu rukuni biyu, wasu Litinin zuwa Laraba, wasu Alhamis da Asabar da Lahadi. Yanzu ki ɗora hayar shago kan wannan lissafi ki ga abin da zai rage.

Na sa albashin ƙanwarki a ciki da gangan. Ku zauna tun yanzu ku yanke, albashi ne ko kaso, kuma a yi a gaban wani babba. Sana'o'in 'yan'uwa da yawa a nan suke watsewa: ita tana ganin ita ke shan wahalar yara, ke kina ganin kuɗinki ne da gidanki, kowa ya yi shiru har ranar da abin zai fashe.

Shin N6,000 ta yi yawa? Ya danganta da wanda kika tunkara. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 N70,000 ne, mai 'ya'ya huɗu a kan wannan albashi ba zai iya ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ki fara da matan da suke fita aiki ko hutu ko ba hutu: ma'aikatan Asibitin Koyarwa na Tarayya, na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, na bankuna da sakatariya, da 'yan kasuwa irinki. Da yawansu tuni suna sayen littattafai a wurinki, lambobinsu suna wayarki. Mai kawo yara biyu ko uku ki rage mata wani abu. Amma kuɗi a gaba, ko aƙalla rabi kafin alƙalami. Wanda ya ce sai ƙarshen wata, ki ba shi haƙuri da fara'a, don hutu in ya ƙare ba ki da abin riƙewa. Kuma kada ki sayi komai sai mutum takwas sun biya. In kin zagaya mako biyu ba ki samu takwas ba, kasuwa ta ba ki amsa, adashinki kuma yana nan.

Inda ba na son ki yi sakaci shi ne amanar yaran. Kada ki karɓi wanda bai kai shekara 4 ba, wannan reno ne, wata sana'a ce daban. Yara 12 su ne iyakar abin da manya biyu za su iya sa wa ido. Ɓawon kara yana yanka yatsa, ku manya ku ɓare ku ba su totuwar da siraran da kuka goge. Motar langa-langa da reza da fentin mai ba su da wuri a nan. Lakar fulawa gishirinta ya yi yawa, ba ta ci ba ce. Ƙananan duwatsun wuya da maɓallai suna shiga hanci da kunne. Kada kyan idon zakara, 'ya'yan nan ja masu ɗigon baƙi, ya ruɗe ki ki ce za a yi sarƙa da su: guba ne mai kisa, haka ma 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu. Ki ajiye littafi mai sunan kowane yaro da lambar iyayensa da sunan wanda zai zo ɗaukarsa. Wanda sunansa ba ya ciki ba ya tafiya da yaro ko da ya ce shi kawunsa ne, sai kin kira. Hoton yara kuma kada ya hau Facebook sai da izinin iyaye. Hoton abin da suka ƙera ya isa talla.

In abin ya karɓu, akwai kuɗin da zai biyo baya wanda bai dogara da hutu ba. Ki riƙa ƙulla ɗan ƙunshi a leda, laka kala uku da kwali yankakke da murafe da 'yar takardar bayani da Hausa, ki ajiye a shago kusa da fensir. Makarantun nazire masu zaman kansu ma kan so wanda zai zo musu da kayansa sau ɗaya a mako, ƙanwarki da takardar NCE ɗinta za ta iya nema. Sai an kai nan ne maganar rajistar sunan sana'a a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, za ta taso. In kuma wata rana kika ga abin yana neman komawa makaranta ko gidan reno na yini, to ki nemi izinin hukumomin ilimi na jiha kafin ki kafa allo.

Duka-duka abin da za ki taɓa daga adashin bai kamata ya wuce N40,000 ba. Ragowar N110,000 ki zuba ta a sana'ar da kika riga kika sani: ki sari littattafai da jakunkuna tun tsakiyar Agusta, kafin rububin komawa makaranta ya ɗaga farashi. Iyayen yaran nan 12 za su riƙa shiga zaurenki sau uku a mako har zuwa ranar da za a koma, ki jera kayan inda idonsu zai faɗa.